Tabon da Ya Ƙi Motsi

Malam ya yi ritaya daga koyar da kimiyya, amma bai daina koyarwa ba. Kullum da hantsi yana kan bene da madubin hangen nesa. Ba ya kallon rana da ido, hotonta yake saukewa a kan farin kwali. Ya ishi maƙwabta da bayani: wai saman rana tafasa yake kamar ruwa a tukunya, mai zafi ya taso, ya huce, ya nitse. Wai kusan duk shekara goma sha ɗaya takan yi lamo, sannan baƙin tabo ya ɓullo, sabon zagaye ya kama. An daɗe fuskarta fes, har an fara yi masa kallon mai tatsuniya.

Ran nan sai ga ɗigo a kwalin. Bai tsaya ya tabbatar ba, ya leƙa titi ya kira mutane. Wannan ganganci ne, kuma da furfurarsa ya yi shi.

Tela da mai shago suka hau suna haki, uwargida na biye.

“Malam, a kan wannan kashin ƙudan ka raba ni da keke?” in ji tela.

“Kashin ƙudan nan zai iya haɗiye duniya.”

Suka ƙura wa ɗigon ido. Mai shago har ya cire hula.

A nan Malam ya lura hoton rana na zamewa a hankali zuwa gefen kwali, ɗigon kuwa yana nan inda yake. Tabon gaskiya da rana yake tafiya. Datti ne a gilashin madubin. Ba wanda ya gane, ga shi yau ne karon farko da suka yarda da shi. In ya yi shiru kawai, girmansa ya dawo.

Ya zare gilashin, ya hure, ya mayar. Kwali ya koma fes.

“Ƙura ce,” ya ce. “Na yi gaggawa.”

Tela ya yi dariya har da riƙe bango. “Ashe ƙarfin huhu gare ka haka, Malam.”

“Maigida, ka riƙa gogewa kafin ka tara min jama'a,” in ji uwargida.

Unguwa ta yi kwanaki tana yi masa tsiya. Mai shago bai sake hawa ba. Tela kuwa, duk hantsi sai ya leƙo daga ƙofar shagonsa: “Malam, tabon gasken ya fito?”