Kwalbar da Alby Ya Bari

Mako uku da binne Alby, matarsa Dulcie ta kira Merv Tonkin a waya.

"Zo ka kwashe tarkacen abokinka. Ƙarshen watan gobe zan koma Geelong wurin 'yata. In ba ka zo ba, juji za su tafi."

Merv ya tuƙa tsohuwar akori-kurarsa kilomita talatin tsakanin gonakin sha'ir da aka riga aka girbe. A rumfar kwanon da ke bayan gidan ya tarar da kayan yadda mai su ya bar su: babbar tukunyar ƙarfe, murhun gas, jakar yadi mai kamar gidan sauro, injin ɓarza na hannu, farar jarka, da durom ɗin roba mai famfo. Shekara goma sha huɗu yana zama a rumfar nan duk ranar da Alby zai dafa giya, shi da kofin shayinsa, bai taɓa kai hannu ga ko ɗaya ba. Shekara goma sha huɗu ke nan kuma rabon Merv da kurɓar giya, tun ranar da matarsa ta ɗauki yaransu ta bar masa gidan da kwalabe a ƙarƙashin gado.

Dulcie ta fito da wata kwalbar jam daga firij. Farar laka ce kwance a gindinta, ruwan ƙasa-ƙasa a sama.

"Ga kishiyata," in ji ta. "Yis ɗinsa na giya. Shekara ashirin da biyu yana kwashe shi daga wannan dahuwa ya zuba a waccan. Ko bikin 'yarsa bai hana shi ba. Ya ce in ya wuce wata biyu ba a ba shi abinci ba, mutuwa yake."

"Dulcie, kin san fa ni ba na sha."

"Wa ya ce ka sha, tsoho? Ni dai ba zan shiga jirgin ƙasa da ita ba."

Kwana shida kwalbar na firij ɗinsa kusa da man shanu. Duk safiya in ya buɗe zai ɗauki madara sai su haɗa ido. Yakan tambayi kansa: mutumin da abu ya rusa wa gida, ya dace ya zama mai yin abin da hannunsa? Sai wata zuciyar ta ce, to abin da ke cikin kwalbar fa, laifin me ya yi? Rai ne da shi. Cikin duk abin da Alby ya bari, shi kaɗai ne har yanzu yake numfashi.

Ran Asabar, a rumfar gidansa inda ya sauke kayan, ya ɗauko littafin da Alby ke rubuta dahuwarsa, duk shafukan sun sha ɗigon ruwa. Ya ɓarza tsiron sha'ir kilo biyar har kafaɗarsa ta yi tsami. Ya ɗebi ruwan sama daga tanki, ya ɗora, ya shimfiɗa jakar a cikin tukunya. Littafin ya ce zafi digiri sittin da shida, awa guda, an ja layi biyu a ƙarƙashi. Da ya zuba ɓarzajjen hatsin sai ya dunƙule, ya yi ta murje shi da muciya yana zagin kansa. Ya rufe tukunyar da tsohon bargo kamar yadda ya sha gani, ya zauna a kan bokiti. Kujerar Alby da ya kwaso tare da kayan na jingine da bango, bai buɗe ta ba.

Ƙanshin ne ya fara kayar da shi. Ƙanshin fate mai zafi da gasasshen burodi ya cika rumfar, har ya juya zai ce wani abu, ya tarar ba kowa sai kare.

Da awa ta cika ya ja jakar sama da igiyar da ya rataya a ƙarfen rufi, ruwan na tsiyaya. Ya ɗebi cokali guda ya ɗanɗana. Zaƙi zalla, kamar ruwan rake. Wannan kam ba abin da ya hana shi, yis bai taɓa shi ba tukuna. Ya tafasa, ya watsa busasshen fure mai ɗaci da littafin ya ce a saka, ya juye ruwan da zafinsa cikin jarka, ya danna ta da gwiwa har iskar ta fita, ya ɗaure. A yankinsu ba wanda ke ɓarnar ruwan tanki don sanyaya giya. Barinta ake ta huce da kanta zuwa washegari. Dusar ya kai wa kaji.

Da safe ya juye ruwan a durom, ya girgiza kwalbar Alby ya zuba duka, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul a ɗakin wanki saboda a ƙasarsu Janairu tsakiyar zafi ne. Yini guda shiru. Yini biyu shiru. A rana ta uku ya ji ɗan bututun da ke murfin ya ce ɓul, alamar yis ya fara aiki. Ya tsaya a ƙofa da kwandon wanki a hannu yana sauraro, ya daɗe.

Bayan mako biyu ya koma littafin, a nan ya ci karo da layin ƙarshe: ka ɗanɗana kafin ka kwashi laka, in ta yi tsami, yis ya lalace, zubar.

Ya buɗe famfon ya tari rabin kofi. Launin zuma, ɗan hazo-hazo. Ya ajiye a teburin kicin ya zauna yana kallonsa, rana na dukan taga. Wata murya a ransa ta ce: kurɓa ɗaya ce, sai ka tofar. Ai ba sha ba ne, bincike ne. Ya san muryar nan sarai. Ita ce ta riƙa ce masa kwalba ɗaya kawai, shekaru da dama. Amma in bai ɗanɗana ba, ta yaya zai san ko gawa yake shirin adanawa? Ya lissafa waɗanda zai iya kira. Maƙwabcinsa ya sayar da gona ya tafi. Ɗansa ba ya ɗaga wayarsa. Ya ɗauki kofin har ya ji sanyinsa a leɓe.

Sai ya juye shi a kwalbar jam ɗin da ya wanke, ya murɗa murfi, ya ɗauki makullin mota.

Ya tarar da Dulcie tsakiyar kwalaye, ta ɗaure kai da ɗankwali tana naɗe faranti a jarida.

"Lafiya? Ka yi fari fat kamar wanda ya haɗu da maciji."

Ya miƙa mata kwalbar. "Littafin ya ce a ɗanɗana."

Ta dube shi, ta dubi kwalbar. "Kilomita talatin ka yi da rabin kofi?"

"Ɗanɗana mana, don Allah."

Ta buɗe, ba ta kai baki ba, ta kai hanci. Ta lumshe ido.

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ba ki sha ba."

"Kai Merv, shekara goma sha huɗu kana zaune a gabansa, me kake kallo? Da hanci yake ganewa. In ya lalace warin ruwan tsami yake, tun daga ƙofa za ka ji. Wancan layin don ni ya rubuta, in na kama shi da kofi da ƙarfe goma na safe ya ce aiki yake. Ɗan banzan tsoho."

Ta yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya. Sannan ta kurɓa, ta riƙe a baki.

"Ka cika mata ɗaci. Amma ɗanɗanon nasa ne." Ta goge ido da bayan hannu. "Wa zai sha maka lita ashirin?"

"Ba kowa."

"To me za ka yi da ita?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ta wanke kwalbar a famfo ta mayar masa, ta haɗa masa da biskit a leda, ta ce ya riƙa cin abinci.

Da la'asar ya kinkimi durom ɗin zuwa bayan gida, ya buɗe famfon a gindin bishiyar lemun tsami. Ya ja da baya inda iska ba ta kawo masa ƙanshin, ya tsaya yana kallon kumfa na nitsewa a jar ƙasa. Da ya rage laka kaɗai ya rufe, ya sunkuya ya shinshina sau ɗaya, ya kwashe ta da cokalin da ya tafasa a ruwa cikin kwalbar. Ya rubuta kwanan wata a murfi, ya ajiye ta kusa da man shanu. A kalandar bango ya ƙirga mako shida, kafin wata biyun yis su cika, ya zagaye wata Asabar da biro.