Tukunyar Toma Mai Ƙafa Uku

Toma ya yi haƙori! Biyu a ƙasa, farare kamar tsabar shinkafa. Da na gani ban ko tuƙa tuwo ba, na goya shi, na kama hanyar Sabon Gari daga Samaru don in gaya wa Clementina, ita da za ta riƙe shi ran baftisma.

Amma bari in fara da tukunyar. Maigidana Luka kuku ne a gidan wani Baturen gona. Da Baturen zai koma ƙasarsu, ya ba Toma wata tukunyar tagulla mai ƙafa uku, wai kakansa ya kawo ta daga ƙasar Sin. Duk ta yi kore don tsufa. A jikinta akwai fuskar dodo, idanu biyu ƙuru-ƙuru, ga ƙaho, ba haɓa, kewaye da zane murɗe-murɗe kamar na ƙwarya. Ya ce mutanen can da ita suke dafa wa kakanninsu nama. Ya ce kada a kankare koren nan, shi ne shekarunta.

Ran da Clementina ta gan ta, sai ta ja da baya.

"Maman Toma, tukunyar tsafi a ɗakin yaron da za a yi wa baftisma? Ashe Maguzancin bai fita jikinki ba."

Kunya ta kama ni, don Babana har yau yana da tasa tukunyar a gindin tsamiya. Na naɗe ta cikin zane na ba ta. Ta ce da hannunta za ta jefa ta a kogin Kubanni. Luka kwana uku bai yi mini magana ba.

To, yau na shiga gidanta ba sallama, don ɗoki. Ga tukunyar a kan tebur, an goge ta da toka tana ƙyalli kamar sabuwar tasa, an cusa furanni a ciki. Idon dodon ɗaya ma ya shafe don gurza.

"Yaya, wannan ce Kubannin?"

"Ai na yi mata addu'a," in ji ta. "A gidana ba za ta yi komai ba. Mu mun daɗe a coci."

"Dodon ya san wanda ya daɗe kenan."

"Ke dai zauna ki sha ruwa."

Ban zauna ba. Na zubar da furannin, na cire ɗankwalina na yi gammo, na ɗora abata a ka. Nauyi kamar dutsen niƙa, ga Toma a baya, haka na taka har Samaru.

Luka ya duba ta, ya shafa inda idon yake da, ya ce, "To ran Lahadi wa zai riƙe yaron?"

Na ce a nemo wata, ko da daga ƙauyenmu Zabi ne.