Fuskar Malam Ja'afar

Uwaisu yana da shagon gyaran waya a bakin kasuwar Gwarzo, amma hankalinsa ya fi karkata ga haɗa ƙananan wasannin waya. Zane ne bai iya ba. In ya ga wasan da ya burge shi, sai ya buɗe cikinsa a kwamfuta ya kwashe hotunan.

Haka ya yi wa wani wasan koya wa yara alwala, wanda wata ɗaliba mai suna Badi'a ta haɗa. A ciki akwai wani dattijo mai farin gemu da tabo a ƙasan idon hagu. Ta rubuta cewa kada a ɗauki zanenta sai da izini. Uwaisu ya goge sunanta, ya saka dattijon a nasa wasan na farautar 'yan bindiga, a matsayin mai kai musu rahoto daga cikin gari.

Wasan ya bazu. Can wani ya yanko hoton dattijon shi kaɗai, ya watsa da rubutu: "Ku lura da wannan."

Ranar kasuwa da hantsi wata budurwa ta tsaya a ƙofar shagon, ta yi sallama a taƙaice.

"Ni ce Badi'a. Malam, ka san wanda na zana?"

"Ai zane ne kawai," in ji Uwaisu.

"Babana ne, Malam Ja'afar na Durun. Da ka tambaye ni, da na gaya maka. Iyaye sun janye 'ya'yansu daga makarantarsa. A masallaci ba mai tsayawa kusa da shi."

Uwaisu ya juya ga kwamfutarsa. Nan take ya cire wasan daga intanet, amma hoton ya riga ya shiga wayoyin da bai san adadinsu ba. Ya rufe shago, suka hau mota zuwa Kabo, daga nan suka nufi Durun.

A ƙofar gidan Malam suka tarar da 'yan sa-kai zaune da gorori. Uwaisu ya durƙusa ya gaida shugabansu, Mijinyawa, ya nuna masa wasan alwalar, ya yi bayanin yadda ya ɗauki hoton. Mijinyawa ya daɗe yana kallon wayar.

"Duk hotunan duniya, me ya sa shi ka zaɓa?" ya tambaya a hankali. "Me ka sani a kansa? Ko tare kuke?"

Uwaisu ya yi ta rantsuwa. Ba wanda ya ƙaryata shi, ba kuma wanda ya tashi.

Mai gari ne ya ba da shawarar Malam ya koma wajen danginsa a Lakwaya har ƙura ta lafa. Kafin la'asar ya fito da littattafansa a buhu. Ya dubi Uwaisu, ya ce, "Allah ya kyauta, yaro," ya wuce.

Makarantar ba ta sake buɗewa ba a damunar nan. Wata safiya aka kawo wa Uwaisu waya gyara. Da ta kama, sai ga saƙo ya shigo da hotuna biyu: zanen Malam Ja'afar, kusa da shi kuma Uwaisu ne durƙushe a ƙofar gidan. Mai wayar yana tsaye yana kallonsa.