Takalmin da ke Kan Kabad

Tun yana kwance a asibiti Baba ya yi alkawarin idan Allah ya tashi kafaɗunsa zai ziyarci kabarin malaminsa a ƙafa. Tafiyar kwana tara ce. Mu dai muka ce amin, don wa zai yi musu da marar lafiya? Ashe da gaske yake. Yana warkewa ya samu abokan tafiya shida, suka sa rana, aka ɗora mini aikin haɗa masa kaya, wai tunda a shagon magani nake aiki na fi kowa sanin abin da ke cutar da jiki.

A kan riga muka fara. Baba ya shimfiɗa rigarsa ta fita kunya a kan gado, mai nauyi kamar bargo, yana shafa ta.

"Baba, wannan in ta sha gumi sai an nemo mai taya ka ɗauka," na ce.

"Wurin malamina fa zan je. So kike in isa kamar wanda aka koro?"

Da ƙyar muka tsaya a kan riguna biyu na auduga marasa nauyi, waɗanda in an wanke da yamma za su bushe kafin safiya, da wando mai faɗi wanda ɗinkinsa ba zai goge cinya ba, da safa uku, da hula mai faɗin baki. Duk wannan abin Inna tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ku gama wahalar da kanku," ta ce. "Babu inda za shi. Mutumin da kafin ya kai bakin titi sai ya huta sau biyu!"

Takalmi kuwa da yamma na kai Baba saye, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, na zaɓa masa mai kauri da ya bar wa yatsu wuri. Baba ya ce wa mai shagon ya ajiye irinsa guda, zai aiko matarsa, ai lambarsu ɗaya. Shekara arba'in ke nan yana tsokanar Inna da girman ƙafa, bai gaji ba.

A hanya na ja masa kunne. Sabon takalmi sai an hore shi. Ya sa shi kullum na sati uku har ya yi laushi, in ba haka ba ranar farko zai saɓule masa dunduniya. Ga shi da ciwon suga, likita ya ce ƙaramin rauni a ƙafarsa ba abin wasa ba ne. Baba ya ce, "To." Da na tuna irin "to" ɗin Baba, da ban koma gidana na saki jiki ba.

Saura kwana huɗu tafiya na dawo, na tarar da kwalin a kan kabad.

"Baba, sau nawa ka sa shi?"

"Haba, 'yar nan. Takalmin ziyara zan yi ta ja a lungunan unguwa? Ai sabo fil zan fita da shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsohon takalminsa ya huje, sabon kuma kwana huɗu ba za su ishe shi ba. Na faɗa masa gaskiya, da wannan takalmin ba zai fita ba, ko da zan kwanta a bakin ƙofa. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya zauna a bakin gado. Tausayinsa ya kama ni. Na ce ya tashi mu je wurin mai gyaran takalma, ko yana da wata dabara.

Mai gyaran yana zaune a rumfarsa da ƙusa a baki. Ya buɗe kwalin, ya lanƙwasa takalmin, ya juya ƙasansa, ya cusa hannu ciki. Sannan ya tofar da ƙusar a tafinsa.

"Baba, gwada ni kuka zo yi? Wannan ai ya sha tafiya."

"Wallahi ban taɓa sa shi ba!"

"To wani ya sa maka. An dai goge shi tas, amma dubi dunduniyar ta fara ci, fatar kuma ta yi laushi. Sa mu gani."

Baba ya sa, ya taka zuwa bakin titi ya dawo, ya sake komawa. Ko'ina bai matse shi ba.

"Kamar an auna," ya ce, yana kallona, ina kallonsa.

Muna komawa gida na buɗe jakar magungunan da na haɗa masa. Rabin filastar babu. Na leƙa kicin, ga Inna tana yanka albasa, ƙafafunta cikin safa, da wannan zafin.

"Inna, cire safar nan mu gani."

"Ke, ni sa'arki ce?"

Baba ya shigo da takalmin a hannu, ya tsaya kawai. Inna ta ajiye wuƙa ta yi tsaki.

"To me? Ni ban san halinka ba? Kana fita hira nake sauke shi, in je kasuwa ta doguwar hanya in dawo, in goge in mayar. Matan layin nan sun yi mini dariya har sun gaji."

"Ke da kika ce babu inda za ni?"

"Har gobe ina kan bakana. Amma tunda kunnen ƙashi gare ka, gara ya ci ƙafata. Ni ba ni da suga."

Baba ya miƙo mini hannu, na ba shi filasta da auduga. Ya durƙusa a tsakiyar kicin, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zare mata safar a hankali. Dunduniyar duka biyu sun saɓule, ɗaya ta fara warkewa, ɗayar ɗanya ce. Ni dai na juya baya na ɗora wa albasa laifi.

"Shekara arba'in kana yi wa ƙafar nan dariya," in ji Inna.

"Na tuba," ya ce, bai ɗago ba.

Ranar tafiya ta raka shi har ƙarshen layi, tana ɗingishi cikin silifa, tana ta faɗan ya riƙa canza safa da rana, kada ya biye wa masu sauri. Abokan tafiyar suna jira, Baba ya gyara jakarsa, ya kama hanya. Ya yi nisa kaɗan ta ɗaga murya.

"Malam! Ka dawo mini da takalmina!"