Tafiyar Mai Tari ta Ƙarshe

Duk unguwar da ke bayan layin dogo an san Mai Hoto da cuta guda ɗaya, wato jirgin ƙasa na kaya. Mutum ne da zai bar mai neman hoton fasfo zaune a shago, wuya a miƙe, ya suri kyamara ya ruga kan gada don ya jiyo ƙara daga nesa. Matarsa takan ce, "Da ni tarago ce, da hotona ya cika gidan nan." Sai ya yi dariya, don ba shi da abin kare kansa.

Cutar kuwa gadonta ya yi. Babansa ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa wani tsohon kan jirgi da ma'aikata suka laƙaba wa Mai Tari, saboda ba ta hawa tudu sai ta yi ta tari tana aman baƙin hayaƙi. Baba bai taɓa ce mata "shi" ba. Yanzu ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a ɗakin da tagarsa ke kallon katangar maƙwabta, ko bayan gida sai an ɗauke shi. Jiragen da ke wucewa sai dai ya ji gado na rawa.

Mai Tuta, wanda ke tare motoci a mararrabar dogo, shi ya kawo labarin. Ya ce gobe da hantsi Mai Tari za ta wuce, wucewar da ba dawowa, za a kai ta inda ake yayyanka tsofaffin ƙarafa.

Labarin ya kai kunnen Baba. Sai ya kamo hannun ɗansa da hannunsa mai lafiya.

"Ka ɗauko min ita. Ba na son tsohon hoto, na gobe nake so. In ga yadda ta tafi."

"In sha Allahu, Baba. Wannan ai aikina ne."

Washegari tun da sassafe Mai Hoto ya kafa kyamara a kan gada, rana a bayansa, kwanar dogo a gabansa. A nan ya saba tsayawa, kuma ya san aikinsa. Mai ɗaukar hoton jirgi, kan jirgin yake ɗauka. In kai ya wuce, saura taragu ne, duk kamarsu ɗaya. Mai Tari kuma ba a jiran ta da ido, da kunne ake jira, don tarinta na riga ta isowa.

Dogo ya fara rawa, amma ba tari, ba hayaƙi. Wani sabon kai ne mai sheƙi ya ɓullo daga kwana, yana tafiya sumul kamar ba ya jan komai. Ran Mai Hoto ya ɓaci. Ya sauke kyamara, ya juya wa jirgin baya don ya rage ƙara, ya kira Mai Tuta a waya.

"Haba malam! Ka shanya ni a rana tun safe, ina take? An ɗaga tafiyar ne?"

"Ina take kamar yaya? Ba ga ta nan a wutsiya ba? Yanzu ta wuce ni. Janta ake yi, an cire mata inji tun tuni. Kai da ka ce ka san jirgi!"

Ya juya a firgice. Taragun siminti sun gama shigewa ƙarƙashin gadar. Ya tsallaka titi a guje, wata mota ta kusa kwashe shi, ya leƙa ta ɗaya ɓangaren. Ga ta can, ɗaure a bayan tarago na ƙarshe, tagogi a fashe, fenti ya kwaile, shiru kamar ba ita ba. Kafin ya kai kyamara ido bishiyoyi sun haɗiye ta. Abin da ya samu dogo ne fayau da ganye.

Ya zauna a bakin gadar. Shekara da shekaru yana tsayuwa a nan saboda jiragen da ba ruwan kowa da su, yau da aka roƙe shi guda ɗaya tak, ƙeya ya ba ta. Ya rasa wanda zai zaga in ba kansa ba.

A shago ya yi ta tonon tsofaffin hotuna har ya samo wani da ya ɗauka daga wannan gadar, da irin wannan hasken. Mai Tari ce a gaba, hayaƙi ya turnuƙe sama, taragu na biye da ita. Ya wanke shi sabo. Matarsa ta gani a hannunsa, ta dubi fuskarsa, wannan karon ba ta yi tsokana ba.

Baba ya sa aka ɗora masa tabarau. Ya kawo hoton dab da hanci, ya daɗe yana kallo, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Ka ga 'yar halak! Ita ke jan su?"

"Ita ce, Baba."

"Har da tarin?"

"Har da shi."

"Alhamdulillahi. Jiya ban runtsa ba, tsorona kada a ja ta kamar mushe mutane na kallo. Ashe da ƙafarta ta tafi." Ya kifa hoton a ƙirji, hawaye ya gangara cikin kunnensa. "Ta fi ni sa'a."

Mai Hoto ya kafa wa katangar maƙwabta ido.

"To zo," in ji Baba a hankali. "Zo ka ɗauke ni, zan zaga."