Injin da Sufyanu Ya Zaɓa

Attahiru da wansa Sufyanu sun fi shekara ashirin suna shiga tafkin Kalmalo a kwalekwale ɗaya. Sufyanu ya makance tun yana saurayi, bayan wani ciwon ido da aka yi ta magani bai ji ba, amma hakan bai raba shi da ruwa ba. Shi ke zama a gaba yana warware taru, kuma da kunne yake gane inda suke: kukan tsuntsayen kirinjijiya a gabas, muryoyin masu ban ruwan albasa a gaɓa, yadda ruwa ke canza sauti idan sun kusa ciyawa. Attahiru kuwa yana baya da filafili.

Bayan damina, tafki ya cika, sai kafaɗar Attahiru ta ƙi. Likita a Illela ya gaya masa idan bai daina tuƙi da hannu ba, wata rana ko buta ba zai iya ɗagawa ba. Ƙanwarsu Radiyya, wadda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ta ce maganar ai ba ta da tsawo, a sayi inji kawai.

Kafin su saya, maƙwabcinsu Bashar ya ara musu nasa su gwada. Tsohon inji ne mai ƙarfi. Attahiru ya ja igiya, ƙara ta cika tafkin, tsuntsaye suka watse, kafin a jima har sun kai inda a da sai sun yi zufa suke isa. Daɗi ya kama shi. Bai lura ba sai da suka dawo gaɓa, ya ga wansa ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, tarun ma bai taɓa shi ba.

Washegari da safe Sufyanu bai fito ba. Attahiru ya same shi a zaure yana ɗinkin taru, ya tambaye shi ko jiki ne.

"Lafiyata lau," in ji Sufyanu. "Ka tafi da wani. Cikin ƙarar nan ban san inda nike ba. Jiya na ji makanta, wadda ban ji ba tun shekarar da ta same ni."

Bai faɗa da fushi ba, kuma da ƙanensa ya ce zai koma filafili, sai ya hana shi. Attahiru ya kwana biyu bai shiga ruwa ba. A rana ta uku ya mayar wa Bashar da injinsa, ya gaya wa Sufyanu ranar Lahadi tare za su je kasuwar Illela, kuma ba za a sayi komai ba sai wanda kunnensa ya yarda da shi.

Mai shagon, Abdulaziz, injinan ban ruwa ne sana'arsa, amma yana da na jirgi guda uku, na hannu, da aka shigo masa da su ta Ƙonni. Da ya ji abin da suke nema sai ya yi ɗan murmushi, ya ce kowa ƙarfi yake tambaya, yau ne ya fara ganin mai neman shiru. Duk da haka ya cika duro da ruwa don a gwada injinan a ciki, ya kawo wa Sufyanu benci.

Na farko irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai ne. Yana tashi Sufyanu ya girgiza kai, hayaƙin ma ya sa shi tari. Na biyu na batir ne, motsinsa kamar na fanka. Attahiru ya ɗauka an gama, amma Abdulaziz bai ɓoye musu gaskiya ba: batirin ya tsufa, cajinsa sai da sola, kuma idan ciyawa ta naɗe farfelar ba shi da ƙarfin kuɓucewa. Sufyanu ya ce shi ma ba zai yarda a tsaya tsakiyar ruwa ƙanensa ya koma tuƙi da wannan kafaɗar ba.

Na uku ƙarami ne, baƙin mansa daban, fentinsa duk ya koɗe. Da aka tayar da shi, Sufyanu ya karkata kai ya daɗe yana saurare. Sannan ya ce wa Attahiru ya ja baya kamar tsawon kwalekwalensu, ya yi magana yadda ya saba, kar ya ɗaga murya.

Attahiru ya ja baya. Daga can ya ce, "Yaya, ka ci tuwon da Hasana ta aiko maka jiya?"

"Na ci. Ka gaya wa matarka gishiri ya yi yawa."

Mutanen da suka taru a bakin shagon suka yi dariya. Sufyanu ya sa aka rage wuta, aka ƙara, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin yana jin rawar injin, sannan ya ce wanga ya yi.

Injin bai zama abin alfahari a Kalmalo ba. Ba shi da gudu, Bashar kan wuce su yana ɗaga hannu, wasu na kiran injin keken ɗinki. Kuma ko da shi, Sufyanu ba ya jin motsin kifi sai an kashe. Saboda haka suka saba: su tafi a hankali suna hira, idan ya ɗaga hannu Attahiru ya kashe, su saurara tare.

Wata safiya suna tsakiyar tafki, babu kowa kusa, Sufyanu ya ce a ba shi injin ya riƙe. Attahiru ya kama hannunsa ya lallaɓo da shi baya, ya ɗora masa yatsu a kan mariƙin. Jirgin ya karkace hagu, ya dawo dama, ya sake karkacewa. Attahiru ya zauna kusa da shi yana cewa kaɗan nan, kaɗan can. Ranar ba su jefa taru ba sai da hantsi ya yi sosai.