Maganin Gemun Habsu

Nasira tana tsakiyar tsince dabino a tabarma sai ƙanwarta Habsu ta miƙe da sauri, ta zagaya bayan rumbu. Daga inda Nasira take zaune tana jin kakarin amai. Inna Hamsatu, uwar mijin Habsu, ko kai ba ta ɗaga daga kabar da take saƙa ba. Murmushi kawai ta yi.

Murmushin ne ya tsayar da hannun Nasira.

Bara wata likitar mata a Damagaram ta gano abin da ke damun Nasira: al'ada mai tsallake watanni, ƙiba, da gashin da ke tsiro mata a haɓa. Ta haɗa mata magani kala uku. Ɗaya na daidaita sukari ne. Na biyu yana danne sinadarin maza da ya yi mata yawa a jini, shi ne mai rage gashin. Na uku ƙwayar hana ɗaukar ciki ce. Likitar ta ce na biyu ba ya tafiya sai da na uku, don in ya haɗu da ciki, kuma ɗan ya zo namiji, yana iya taɓa halittar gabansa.

Haɓar Nasira ta yi sumul, matan unguwarsu a Gure kuma suka lura. Habsu ma tana da irin gashin, kullum tana tsige shi a ɓoye kada mijinta Burahima ya gani. Ta roƙa, kuma ba a yi wa 'yar'uwa rowar magani. Nasira ta ɓalle mata rabin na gashin. Ƙwayar hana ciki kuwa, wa zai miƙa wa amarya ita a gidan miji? Ta dai tambaye ta, "Ba ki da komai ko?" Habsu ta ja gyale ta rufe fuska, ta ce, "Kai, Yaya!" Nasira ta ɗauki wannan a matsayin a'a.

Ta tashi ta bi ta bayan rumbun. Habsu na durƙushe tana kuskure baki da ruwan buta.

"Tun yaushe?"

"Me fa, Yaya?"

"Kar ki maida ni sakarya. Tun yaushe kika daina gani?"

Habsu ta sunkuyar da kai tana tona rairayi da yatsa. Cikin fari ba abin da ake faɗa da baki ba ne, ko ga uwa, balle ga yaya.

"Ranar da na ba ki maganin nan, da shi?"

Habsu ta gyaɗa kai kaɗan.

"Kina sha har yanzu?"

"Kullum da safe. Ai ya yi aiki, Yaya, duba." Ta ɗaga haɓa tana shafawa, har da 'yar dariya.

Nasira ta duba. Babu ko sili ɗaya.

"Kawo sauran. Ki ɗauko hijabinki, matanite za mu."

"Wajen ungozoma? In ce mata me? Wallahi kunya sai ta kashe ni. Kuma Burahima yana lambu, ban tambaye shi ba."

"Ni zan yi magana. Shi kuma zan kira shi a hanya."

"Wani abu ne?"

"Ɗauko hijabin."

Habsu ta shiga ɗaki. Nasira ta dawo tsakar gida tana neman takalminta. Inna Hamsatu ta ajiye kabar, ta yafito ta da hannu, ta rage murya.

"Kin gane ke nan. Ni tun damina na gani, na yi shiru don kar ta tsargu." Ta dubi ƙofar ɗakin. "Ki lura da tafiyarta, da yadda take son tsami. Na haifi maza biyar, ban taɓa kuskure ba. Namiji ne. Har na sa ido a kan ragon da za a yanka."

"Allah ya raba lafiya, Inna."

"Amin. Ina za ku da ranar nan?"

"Awo."

"Madalla! Yaya ke nan."

Suka fita. Rairayin hanya ya yi zafi, suna tafe a gefen katanga suna bin 'yar inuwa. Habsu na gaba, ta riƙe hijabi da hannu biyu tana nesanta shi da cikinta. Nasira na baya, ragowar ƙwayoyin a dunƙule cikin tafinta, leɓenta na motsi.

Habsu ta waiwayo. "Me kike cewa, Yaya?"

"Addu'a nake."

"Ta me?"

"Allah ya sa mace ce."